Shafuka 40 a kwamfuta mai RAM 4GB: in kwantar da su barci ko in haƙura?

Sadiqun_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Ina rubuta kundin digiri na biyu, kwamfutata kuma 'yar hannu ce, RAM ɗinta (wato wurin da take riƙe abin da ake aiki a kai a lokacin) 4GB. Duk sanda na zauna aiki sai na tara shafuka wajen 40 a burauza: maƙaloli, ƙamus, imel, da bidiyon lacca biyu ko uku da kullum nake cewa zan kalla anjima. Kafin awa ɗaya fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, in na koma wajen rubutu sai in buga jimla in zauna ina jiran haruffa su iso. Wani abokina ya ce in saka ekstenshan, wato ƙaramar manhajar da ake maƙala wa burauza, mai kwantar da shafukan da ba na taɓawa, wai zai sakar min RAM. Da gaske yana aiki? Kuma wanne ne amintacce? Don Allah kada wanda ya ce min in rufe shafukan. Na sani, ba zan iya ba ne.

Bakatsine92:
Rufe shafukan.

Sadiqun_Fagge:
Allah ya shirye ka Bakatsine.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Yana aiki, amma kafin ka saka komai ka san me ake yi wa shafin, don wannan "barcin" da ake faɗa iri biyu ne, mutane ne suke haɗe su.

Na farko daskararwa. Shafin yana nan, sai dai an hana shi motsi, ba ya gudanar da komai a bayan fage. Kamar mai shago ne ya ja ƙofa ya tafi masallaci: kayansa suna ciki, yana dawowa zai buɗe ciniki ya ci gaba. Wannan yana rage zafi da cin batir sosai.

Na biyu zubarwa. A kwashe shafin ɗungurungum daga RAM, a bar maka sunansa da 'yar alamarsa a sama. Wannan mai shagon ya kwashe kaya ya koma gida, allon suna kawai ya bari. In ka danna, sai an sake ɗauko shafin daga farko. Shi ne ya fi sakin RAM, kuma shi yawancin ekstenshan ɗin nan suke yi.

Cin RAM ɗin ma ba mugunta ba ce. Tun fitowar Chrome, burauzar Google, a 2008 aka tsara shi ya riƙa raba shafuka, kowane da nasa ɗakin, don in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. A 2018, bayan an gano raunin nan na furosesa da ake kira Spectre, sai suka ƙara tsananta rabon a Chrome 67, kowane gidan yana a keɓe. Google da bakinsu suka ce hakan ya ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin 100. Tsaro aka saya da shi.

Ummu_Haidar:
Injiniya Allah ya ƙara basira. Misalin mai shagon nan ya fi min duk bayanan da na taɓa karantawa.

Malam_Tanko_Gusau:
Sadiqu, kan tambayarka ta biyu zan tsaya, ta amana, don a nan gizo ke saƙar.

An taɓa yin wanda ya fi kowanne suna a wannan fanni, The Great Suspender. A lokacin mutum sama da miliyan 2 ke amfani da shi, lambobin da aka rubuta shi da su a buɗe suke kowa na iya dubawa, shekara da shekaru ba a ji kansa ba. A watan Yunin 2020 wanda ya ƙirƙire shi ya sanar cewa ya miƙa shi ga wani sabon mai shi, bai faɗi ko wane ne ba. Bayan 'yan watanni masu sa ido suka lura cewa sigar 7.1.8 da ke rumbun Chrome, inda ake sauke ekstenshan, ba ita ce wadda ke fili ba. An cusa mata abin da zai iya ɗauko umarni daga wata sabar waje ya gudanar a burauzar mutane. Microsoft suka riga kowa toshe shi a burauzarsu Edge. Google kuwa sai ranar 4 ga Fabrairun 2021 suka cire shi, kuma ba cirewa daga rumbu kawai ba, har kwamfutocin mutane suka kashe shi da sanarwar cewa yana ɗauke da mugun abu.

Ka tambayi kanka: me zai sa mutum ya fitar da kuɗinsa ya sayi abin da ake rabawa kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba lambobin ya saya ba, mutum miliyan 2 ya saya, da izinin da suka riga suka bayar na a karanta kuma a canza duk abin da ke kan shafukan da suke buɗewa. Kuma ekstenshan yana sabunta kansa ne shiru, ba ya neman izininka. Wanda ka amince wa jiya ba lallai ne shi ke riƙe da makullin yau ba.

Bakatsine92:
Kai! Wato maigadi ne ya sayar da makullin gidan ya wuce.

Zee_Kaduna:
A yi adalci dai Malam Tanko. Mutumin ya yi shekaru yana kula da abu kyauta, dubban mutane na aiko masa da ƙorafi, ba mai ba shi ko sisi. In ya gaji fa? Ni laifinsa ɗaya nake gani, rashin faɗin wanda ya karɓa.

Malam_Tanko_Gusau:
Ban ce ɓarawo ne ba 'yata. Cewa na yi hannu ya canza, masu amfani ba su sani ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A wannan shekarar ta 2020 haka aka yi da Nano Adblocker, aka sayar, sabbin masu shi suka mayar da shi abin leƙen asiri.

Injiniya_Zazzau:
Akwai wani ɓangare na labarin da Malam bai taɓo ba, kuma shi ya fi ƙona wa mutane rai a ranar. Yadda tsofaffin masu kwantarwar ke aiki shi ne su cire shafinka su sa nasu shafin a gurbinsa, su maƙala adireshinka na asali a wutsiyar nasu adireshin. To da aka kashe shi, duk waɗannan shafukan nasa ne, sai suka tafi tare da shi. Mutane suka wayi gari shafukan da suka tara sun ɓace. Sai da aka riƙa shiga tarihin burauza ana tono adireshi ɗaya bayan ɗaya, ana yanko abin da ke bayan "uri=".

Shi ya sa in har dole sai ka saka, ka nemi wanda ke amfani da hanyar zubarwa ta ita burauzar kanta, irin su Auto Tab Discard. Shi ba ya sa nasa shafin, umarni kawai yake ba burauza ta zubar. Ko ka cire shi gobe, shafukanka suna nan da adireshinsu.

Garba_Mai_Kafe:
Wannan magana ta Injiniya ni ganau ne. Ba zan kama suna ba, don ni na jawo wa kaina. Ina da wani irin wannan a babbar kwamfutar shago, wadda nake ajiye shafukan kwastomomi, wannan yana jiran sakamako, wancan yana jiran takardar shaida. Wata rana na ce bari in yi shara, na ga abubuwa sun yi yawa, na cire shi ba tare da na farkar da shafukan ba. Kafin in ɗage yatsa rabin layin sama ya tafi. Ctrl+Shift+T, mai dawo da shafin da aka rufe, na danna har yatsana ya gaji. Ranar har bayan isha'i ina shago ina bin tarihi.

Sannan ga na cike fom. Yaro ya zo rajista, mun cike shafi guda cur, aka ce sai lambar shaidar babansa. Ya fita kiran waya, ya daɗe, ni kuma na shiga aikin wani. Da muka dawo shafin ya yi barci, na danna, ya farka fes kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Tun daga ranar duk shafin rajista ko na biyan kuɗi ina saka shi a jerin waɗanda ba a taɓawa.

Zee_Kaduna:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa har yanzu ake zancen ekstenshan? Burauzojin sun daɗe da kawo nasu.

Edge ya zo da Sleeping Tabs tun Janairun 2021, kuma kai za ka zaɓi lokacin, daga daƙiƙa 30 har awa 12. Shafin da ya yi barci za ka ga ya dusashe. Firefox tun siga ta 93 a Oktoban 2021 yake sauke shafuka da kansa a Windows idan RAM ɗin da ya rage ya yi ƙasa da 400MB, kuma in ka rubuta about:unloads za ka ga jerin waɗanda ke kan layi. Chrome ya sanar da Memory Saver a Disamban 2022, ya bazu ga kowa a farkon 2023. Ka shiga Settings, ka danna Performance, ka kunna. Daga baya ma suka raba shi mataki uku, mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani. A nan ƙasa akwai wurin da za ka rubuta gidajen yanar da ba ka so a taɓa.

Sadiq ka fara da wannan. Ba sabon baƙo ka shigo da shi gida ba, ba ka ba kowa izini ba.

Ummu_Haidar:
Zee, shi na cikin Chrome ɗin ba zai yi min irin ta Malam Garba ba? Fom ɗin nake nufi.

Zee_Kaduna:
Anti, an tsara shi ya ƙyale shafin da ke da fom ɗin da aka fara cikewa, da wanda sauti ko bidiyo ke tafiya, da wanda ake sauke fayil, da wanda ake kira ko nuna allo. Amma ni ban yarda da na'ura ɗari bisa ɗari ba. Wasu gidajen yanar yadda aka gina fom ɗinsu burauza ba ta ma gane fom ne. In abu mai muhimmanci ne ki saka shi a jerin da hannunki.

Dan_Maradi_227:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ban ga kowa ya faɗa ba. Duk waɗanda suka ƙera abubuwan nan suna zaune ne inda intanet ke zuba kamar famfo. A wurinsu sake ɗauko shafi ba komai ba ne. Mu fa? Shafin da aka zubar shafi ne da za ka sake saye. Ka biya kuɗin data ka buɗe shi da safe, a zubar da shi da hantsi, ka sake biya da azahar.

Wannan ma mai sauƙi ne. Ni nakan buɗe abin da zan karanta lokacin da layi ke da ƙarfi, musamman cikin dare, in bar su a buɗe don in karanta da rana ko da babu sabis. In aka kwantar min da su, na danna ba layi, me zan gani? Farin shafi da ɗan dabban nan mai tsalle da Chrome ke nunawa in ba intanet. Don haka a wurina shafin da ke buɗe ajiya ce. RAM ɗin da kuke son a sakar min, ni hatsina ne a ciki.

Yar_Damaturu:
Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Mu nan tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait sai da lissafi.

Injiniya_Zazzau:
Maganar ɗan Maraɗi tana da ƙarfi, amma a rage mata gishiri kaɗan. In shafi ya farka ba komai ake sake saukewa ba. Hotuna da yawa da kayan gina shafin suna ajiye a faifan kwamfuta tun buɗewar farko, daga nan ake ɗauko su. Abin da ke sake cin data shi ne bidiyo, tallace-tallace, da shafukan da ke sabunta kansu. Kuma ku duba ɗaya gefen: shafin da aka bari a farke shi ma ba zaman banza yake ba. Wasu suna ta canza talla, suna ta magana da sabarsu, kai kana can kana wani abu. Irin waɗannan kwantar da su ma tanadin data ne.

Inda na sallama masa gaba ɗaya shi ne rashin layi. In babu sabis, shafin da aka zubar ya tafi sai layi ya dawo.

Dan_Maradi_227:
To Injiniya ai shi ne babbar maganar. Sauran duk cikon zance ne.

Malam_Tanko_Gusau:
Ɗan Maraɗi, ai maganinka ba a buɗaɗɗen shafi yake ba. Wa ke ajiye hatsi a faifai ya bar rumbu? Abin da kake son karantawa ba layi, ka danna Ctrl+P ka ajiye shi a matsayin PDF. Ko wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ko burauza ta faɗi, yana nan. Buɗaɗɗen shafi ko ba a kwantar da shi ba, kwamfuta na mutuwa ya tafi.

Dan_Maradi_227:
Gaskiya ne Malam. Sai dai shafi 20 kowane dare ina mayar da su PDF, wannan ma aiki ne.

Hajiya_Turaren_Wuta:
Ni ban san duk waɗannan sunaye da kuke kira ba. Abin da na sani, ɗana ya saka min wani abu wai don kwamfuta ta yi sauri. Ta yi saurin kuwa. Amma WhatsApp ɗin da nake karɓar oda a kai sai ya yi tsit. Wayar kasuwancin tana caji a ɗaki, ni ina falo ina cewa yau kasuwa ba ta ci ba, ashe wata baiwar Allah tun safe take neman humra da turaren amarya na biki. Da na ankara ta saya wani wurin. Na sa shi ya cire abin a daren.

Zee_Kaduna:
Ayya Hajiya, sannu. Ba sai an cire ba da ya saka shafin a jerin waɗanda ba a kwantarwa. Duk shafin da kike jiran saƙo a kansa, na hira ne ko na imel, bai kamata ya yi barci ba.

Hajiya_Turaren_Wuta:
'Yar nan, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake. A bar min ita da nauyinta.

Auwalu_Sharp:
Ni fa ina ganin duk wahala kuke ba kanku. Tawa 500GB ce, ban taɓa ganin ta cika ba. Sadiq ka goge tarihi da cache (ajiyar hotuna da kayan shafuka) kawai za ta saki.

Bakatsine92:
Auwalu ka zo da wata sabuwa. 500GB ɗin nan sito ne, ba RAM ba.

Usman_Mai_Gyara:
Auwalu kusan kullum sai wani ya zo shago da wannan maganar, ba kai kaɗai ba ne. Ka ɗauki tela. Kabad ɗin da yake jibge yadika shi ne 500GB ɗinka. Teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka shi ne RAM. Ko kabad ya kai ɗaki girma, in teburin ƙarami ne aiki ba zai yi sauri ba. Goge cache kuwa share kabad ne, bai ƙara wa tebur ko taƙi ɗaya ba, sai ma ya sa ka sake sauke abin da da yana ajiye.

Sadiqu, ni ta fannina zan ba ka shawara. Abin da ke sa haruffanka jinkiri shi ne idan RAM ya cika, Windows sai ta fara kwashe wasu abubuwa tana zubawa a faifai, tana ɗaukowa. In faifan nan tsohon mai juyawa ne, to nan ne kwamfuta ke rarrafe. 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, wato kafin ka buɗe komai an riga an ci kaso mai yawa. Ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, ka duba Memory. Zai nuna maka ramuka nawa ne kuma nawa aka cike. In akwai rami a buɗe, ka ƙara 4GB ta zama 8. In kana Kano ka leƙa Beirut Road, amma ka tafi da kwamfutar, kada ka saya da ka. DDR3 daban, DDR4 daban, ba sa shiga ramin juna. Ko a DDR3 ɗin akwai DDR3L mai cin wuta volt 1.35, wasu injinan shi kaɗai suke karɓa. Sannan ka tabbata Windows ɗinka 64-bit ce, don 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce wajen 4GB ko ka cusa mata nawa. Wasu siraran kwamfutocin kuma RAM ɗinsu a like yake, ba a ƙarawa.

In ka haɗa da SSD, sabon faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, za ka rantse sabuwa ka saya.

Bakatsine92:
Mai gyara ya ga kasuwa.

Usman_Mai_Gyara:
Ni a Jos nake, ba abin da zan ci a ciki. Gaskiya ce kawai.

Sadiqun_Fagge:
Malam Usman na gode, amma kuɗin da ke hannuna yanzu na buga kundi da ɗaurinsa ne. RAM sai bayan an kare.

Basakkwace_Na_Asali:
Ni dai abin da nika gani, duk wanda ya buɗe shafi arba'in ba karatu shika yi ba, tara kaya shika yi. Mu da munka yi namu kundin, littafi guda muka ɗauka mu ƙare shi kana mu ɗauko wani.

Sadiqun_Fagge:
Ranka ya daɗe a zamaninku ai littafin guda ɗaya ne a laburaren.

Basakkwace_Na_Asali:
Yaro ka yi ta kanka.

Dr_Binta_A:
Dariya ta hana ni rubutu. Amma Basakkwace yana da 'yar gaskiya, sai dai ba ta inda ya ɓullo ba. Na duba ɗalibai da yawa, kuma wannan tarin shafukan tsoro ne: kada in rufe in manta inda na ga abin. To ba RAM ne matsalar ba, rashin wurin ajiya ne. Sadiq ka saka Zotero. Kyauta ne, don masu bincike aka yi shi. Ka ga maƙala, ka danna sau ɗaya, ya ajiye maka sunan marubuci, shekara, mujalla, har da PDF ɗin in akwai, a cikin kwamfutarka. Sai ka rufe shafin hankali kwance. Ranar da za ka jera manazarta a ƙarshen kundi za ka yi min addu'a. Ya kuma warware damuwar ɗan Maraɗi, tunda ba ya buƙatar layi kafin ka karanta abin da ka ajiye.

Malam_Tanko_Gusau:
Dakta, shi ma ai da ekstenshan yake ɗauko maƙalar daga burauza.

Dr_Binta_A:
Haka ne Malam, ka kama ni. Amma wannan an san gidansu, a jami'ar George Mason ta Amurka aka haife shi tun 2006. Ba cewa muke kada a saka komai ba, cewa muke a san ɗan wa aka shigo da shi.

Yar_Damaturu:
Wai ni kam mene ne sunan "ekstenshan" da Hausa? Bakina har ciwo yake.

Ummu_Haidar:
Ƙari mana.

Bakatsine92:
Ƙari kuma? Sai ka ce ciwo. Likita ya ce an samu ƙari a burauza.

Garba_Mai_Kafe:
Ni "ɗan goyo" nake ce wa yaran shagona. Burauza ce ke goye da shi, abin da ta ci shi yake ci, kuma duk inda ta leƙa yana leƙawa ta kafaɗarta.

Malam_Tanko_Gusau:
Garba wannan suna ya zauna. Har nauyin ma ya fito, don kowane ɗan goyo da nasa RAM ɗin da yake ci. Na taɓa ganin mai goyo 15 yana neman na 16 da zai rage masa nauyi.

Auwalu_Sharp:
To ni na ji na sito. Amma ku canza burauza mana, ku koma Brave ko Opera, an ce ba su da nauyi.

Injiniya_Zazzau:
Auwalu, uwarsu ɗaya. Brave, Opera da Edge duk a kan Chromium aka gina su, injin da Chrome ke kai. Opera ta koma tun 2013, Edge a Janairun 2020. Akwai bambanci, misali wadda ke toshe talla da kanta shafukanta za su fi sauƙi, amma ba wani sihiri ba ne. Firefox ce ke da nata injin daban a cikin waɗanda muke ambata.

Wani abu kuma ga masu bin tsofaffin bidiyon koyarwa: tun 2024 Chrome ya fara kashe 'yan goyon da aka gina a tsohon tsari, ana komawa wanda suke kira Manifest V3. Za ka ga an yabi wani a bidiyon shekara biyar da suka wuce, ka nema ka rasa, sai ka ci karo da masu kama da sunansa. A nan ake faɗawa rami. Kada ka sauke wani daga wajen rumbun hukuma don wani ya turo maka a guruf.

Yar_Damaturu:
A waya fa? Tawa wajen lambar shafuka ta daina nuna lamba, wata fuskar dariya take nunawa.

Zee_Kaduna:
Kin haura 99 ke nan, Chrome dariya yake miki. A waya ba ki buƙatar komai, shi Android da kansa yake kashe shafukan da ke baya, shi ya sa in kin koma tsohon shafi yake sake lodi. Chrome na waya ma ba ya karɓar 'yan goyo.

Abba_Linux:
Na karanta tun daga sama. Ra'ayina daban ne: RAM ɗin da ba a amfani da shi asara ce. An saye shi ne don a cika shi. Mutane suna ganin kashi 80 sai hankalinsu ya tashi, alhali kwamfutar lafiya lau take tafiya. In ba ta fara rarrafe ba ku ƙyale ta.

Usman_Mai_Gyara:
Abba naka nawa ne?

Abba_Linux:
32GB.

Usman_Mai_Gyara:
To ka ji. Mai ƙoshi ke ce wa mai azumi rana ba ta da tsawo. Maganarka daidai ce a kan injinka. Shi nasa ya riga ya fara rarrafe, shi ya kawo shi nan.

Sadiqun_Fagge:
Jama'a na dawo da rahoto. Na bi maganar Zee na kunna na cikin burauza, ban saka ɗan goyo ba. Wani kuma ya turo min ta gefe cewa in danna Shift+Esc in ga me kowane shafi ke ci. Abin da na gani ya ba ni kunya. Maƙalolin da nake zargi ba su ne ba. Bidiyon laccar nan uku da na yi sati biyu ina cewa anjima, da wani shafin labarai mai talla ta ko'ina, su ne a saman jeri. Sai wasu 'yan goyo biyu da ban ma tuna yaushe na saka su ba. Na cire su, na rufe bidiyoyin.

Fanka ta yi shiru, rubutu yana tafiya. Amma jiya da yamma layi ya ɗauke, na danna wata maƙala da nake tsakiyar karantawa da safe, sai ga ɗan dabban ɗan Maraɗi. Na zauna ina kallonsa har magariba.

Dan_Maradi_227:
Na faɗa muku.

Bakatsine92:
Ku tsaya. Ya rufe bidiyoyin, in ji shi da bakinsa. Me na ce tun farko?

Zee_Kaduna:
Sadiq ka mayar da shi mataki mai sauƙi, ba mai tsanani ba, zai daɗe kafin ya zubar. Gidajen mujallun da kake yawan shiga kuma ka sa su a jerin da ba a taɓawa.

Injiniya_Zazzau:
In ya sa su duka a jerin ai ya koma gidan jiya. A irin yanayinsa ni da Edge zan gwada, tunda nasa barcin daskararwa ce tukuna, shafin na iya farkawa ba tare da an sake ɗauko shi ba. Sai in RAM ya ƙure ne yake zubarwa.

Usman_Mai_Gyara:
Da 4GB kullum a ƙure yake, Injiniya.

Garba_Mai_Kafe:
Ni dai har yanzu ina tare da ɗan goyona, na biyun da na saka bayan waccan asarar. Yana ba ni abin da na cikin gida bai ba ni ba: in ce wannan minti 10, wancan kada a taɓa shi, in kuma kwantar da duka da dannawa ɗaya in zan buɗe aikin hoto. Malam Tanko ya ce hannu na iya canzawa, na yarda, ina dubawa lokaci-lokaci.

Malam_Tanko_Gusau:
Me kake dubawa Garba, kuma ta yaya za ka gane ranar da aka sayar?

Garba_Mai_Kafe:
Zan amsa maka Malam, bari in sallami wani yaro, ya zo buga takarda kuma an ɗauke wuta.

Dr_Binta_A:
Sadiq, shafi nawa ne yanzu a buɗe?

Sadiqun_Fagge:
37, Dakta. Ɗaya daga ciki wannan zauren ne.